Babur marar kujera: abin da ke bayan bidiyon tiriyal da matasanmu ke kwaikwayo

Duk mai zama a fada da dare, a Damagaram ko Maraɗi ko Yamai, ya taɓa ganin irin wannan bidiyo a wayar wani: mutum a tsaye kan wani siririn babur marar kujera, ya tunkari dutsen da ya fi shi tsawo, ya ɗaga tayar gaba, ya ɗale sama kamar akuya, ya tsaya cak bai sa ƙafa ƙasa ba. Daga TikTok bidiyon ya faɗa WhatsApp, daga nan ya zagaye unguwa. Ranar biki kuma sai ka ga yaro cikin rakiyar amarya ya ɗaga kan Kasea a tsakiyar kwalta, ba hula, da silifa a ƙafa, wani lokaci ma da aboki a baya, yana ganin abin da ya kalla ne yake yi.

Ba shi ba ne. Wasan da ke cikin bidiyon sunansa tiriyal, kuma cikin dukkan wasannin babur shi ne wanda gudu ba ya da wani amfani a cikinsa. A Turai, inda aka haife shi, wasan na cikin wani hali na canji a ƴan shekarun nan: kamfanin da ya mallaki ɗaya daga cikin manyan masu ƙera baburansa ya durƙushe saboda bashi, wanda ya cece shi kuwa shi ne Bajaj na Indiya, mai Boxer ɗin da ƴan kabu-kabu ke hawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za mu duba wasan da kyau, mu ware abin da za a iya ɗauka daga cikinsa da abin da kwaikwayonsa ke kai mutum gadon asibiti.

Wasan da mai ƙarancin maki ke cinyewa

Da yawa daga cikinmu, idan aka ce wasan babur, tseren Paris-Dakar ke zo mana a rai, saboda shekarun da ya yi yana ratsa Agadas da Tenere. Can ana neman wanda ya riga kowa isa. A tiriyal kuwa ana keɓe ɗan gajeren wuri ne da igiya ko tutoci, cike da duwatsu, gungumen itace, gangare ko rafi, a ce mahayi ya bi ta ciki daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Alƙali na tsaye yana ƙirge. Ka dafa ƙasa sau ɗaya, maki 1. Sau biyu, maki 2. Sau uku ko fiye, maki 3. Ka faɗi, ko ka fita daga iyaka, ko lokacin da aka ƙayyade ya ƙare maka, maki 5. Wanda ya wuce lami lafiya sifili gare shi, kuma a ƙarshen yini mai ƙarancin maki shi ya ci.

Asalin abin daga Birtaniya ne, a farkon ƙarni na 20, lokacin da masu ƙera babura ke neman nuna cewa kayansu na jure mugunyar hanya. Gasar kwana shida ta Sikotilan, wadda aka soma a 1909, har yau ana yin ta cikin watan Mayu a tsaunukan kewayen garin Fort William. A 1965 wani mahayi ɗan Ailan ta Arewa, Sammy Miller, ya ci wannan gasa da ƙaramin babur marar nauyi na kamfanin Bultaco na Spaniya, a lokacin da sauran ke fama da manyan baburan Ingila masu nauyi. Daga nan cibiyar wasan ta koma yankin Kataloniya, kuma har yanzu tana can. Gasar duniya ta fara a 1975.

Mutumin da ya fi fitowa a bidiyon da ke yawo a wayoyinmu shi ne Toni Bou, ɗan Kataloniya da aka haifa a 1986. Tun 2007 babu shekarar da kambun duniya ya kuɓuce masa, na fili da na cikin zaure, a kan babur ɗin Montesa na Honda. Zuwa ƙarshen 2025 ya tara kambu 38. A ɓangaren mata, Laia Sanz, ita ma ƴar Kataloniya, ta ci kambun duniya sau 14 a tiriyal, sannan ta yi suna a Dakar. Abin da bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nunawa shi ne waɗannan mutane tun suna ƙanana suka fara, kuma a manyan gasa kowane mahayi na da mai taimaka masa da ke tsaye saman dutsen, a shirye ya cafke babur ɗin idan hawan ya ƙi.

Injin da aka ƙera don tafiyar hawainiya

Babur ɗin tiriyal nauyinsa kilo 70 ne ko kusa da haka, yayin da baburan da muke hawa a gari suka haura kilo 100. Ba shi da kujera saboda a tsaye ake tuƙa shi, mahayi na amfani da nauyin jikinsa yana karkata shi gaba, baya ko gefe. Tankinsa ba ya wuce lita 2 zuwa 3. Giyoyinsa na farko gajeru ne ƙwarai, yadda zai iya tafiya a hankali fiye da mai tafiya a ƙasa ba tare da injin ya mutu ba. A ƙarƙashin injin akwai farantin ƙarfe mai kauri da ke karɓar dukan dutse. Akwai kuma wata igiya da mahayi ke ɗaurawa a wuyan hannu, da zarar ya faɗi ta fizge sai injin ya mutu.

Sirrin da ya fi girma yana cikin taya. Robarta mai taushi ce, kuma iskar da ake sa wa ta baya ba ta wuce bar 0.3, wato kusan kashi ɗaya cikin bakwai na abin da mai faci ke sa wa babur ɗin gari, wanda ke kusan bar 2. Da wannan ƴar iskar tayar ke lanƙwashewa ta rungume dutse. Ta bayan ba ta da tub a ciki, shi ya sa take jure hakan. Wanda ya sace iskar tayarsa mai tub zuwa wannan mataki ya hau kwalta, tub ɗin zai tsage a bakin ƙarfe, ko bakin iskar ya tsinke, ko tayar ta zame masa a kwana.

Akasarin baburan tiriyal injinsu irin wanda ake haɗa baƙin mai da fetur ne a tanki, mai girman 125 zuwa 300 cc, sai Montesa da ke da inji irin na gari mai ma'ajiyar baƙin mai daban. Wannan bambanci na da muhimmanci ga mai ɗaga kan babur a titi. A injin Kasea, Haojue ko Boxer, baƙin mai na kwance ne a ƙasan inji, famfo na zuƙo shi. Idan aka daɗe da kan babur a sama, man na gangarawa baya, famfon na iya zuƙar iska, sassan sama na inji su yi ta juyawa a bushe. Saukowa da ƙarfi kuma na kashe shokazoban gaba, ya sassauta wuyan babur, ya lanƙwasa ƙarfen taya. Ga ɗan kabu-kabun da bai gama biyan kuɗin babur ba, wasan minti biyu na iya cinye masa cinikin mako guda a wurin bakanike, idan ma ya tsira da ƙashinsa.

Sabon babur ɗin tiriyal a Turai yakan kai yuro 7,000 zuwa 10,000, wato tsakanin sefa miliyan 4 da rabi zuwa miliyan 6 da rabi, kuma ba ya ɗaukar fasinja, ba ya ɗaukar buhu, ba ya yin doguwar tafiya. Ƴan uwanmu da ke Faransa, Beljiyam ko Spaniya da ke ganin na hannu da araha suna tunanin turowa gida, su sani cewa abin wasa ne za su turo, kuma kayan gyaransa ba a tsintar su a kasuwannin nan.

Yadda Bajaj ya shigo cikin maganar

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan babura ƴan kaɗan ne, kuma ƙanana: Montesa, TRRS da Vertigo a Kataloniya, GasGas da shi ma ya samo asali a can, Sherco tsakanin Faransa da Spaniya, Beta a Italiya. Kasuwar ƙarama ce, shi ya sa ƴar girgiza kaɗan ke kayar da su. GasGas, wanda aka kafa a 1985 kusa da birnin Girona, ya karye a 2015, wani kamfanin Spaniya ya saye shi, sannan a 2019 ya koma hannun rukunin KTM na ƙasar Ostiriya.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 shi ma KTM ya je kotu ya bayyana cewa ba zai iya biyan bashin da ke kansa ba. Bayan annobar korona, lokacin da mutane suka yi ta sayen babura, kamfanin ya ci gaba da ƙera su fiye da abin da kasuwa ke ɗauka, suka taru a rumbuna ba mai saye. Bashin da masu bin sa suka gabatar ya haura yuro miliyar 2. A watan Fabrairun 2025 suka amince su karɓi kashi 30 cikin 100 na kuɗinsu, da sharaɗin a biya kafin 23 ga Mayu. Ana dab da cikar wa'adin Bajaj, wanda ke da hannun jari a KTM tun 2007, ya fito da yuro miliyan 800, kimanin sefa miliyar 525, kuma kafin shekarar ta ƙare ragamar rukunin ta koma hannunsa.

Ke nan yau GasGas na ƙarƙashin kamfanin da ƙarfinsa ya ginu a kan ƙananan babura masu araha da yake sayarwa a Indiya, Afirka da Kudancin Amurka, kuma makwabciyarmu Najeriya na cikin manyan kasuwanninsa na waje. Kada mai karatu ya ɗauka hakan na nufin gobe za a ga baburan tiriyal a kantunan Maraɗi. Abin da yake nunawa shi ne inda nauyin sana'ar babur ya koma. Masu ƙera na ƙawa da na wasa a Turai sun dogara yanzu da kuɗin masu ƙera na neman abinci. Tambayar da masoya tiriyal ke yi a can ita ce ko sabon mai gida, wanda ya saba lissafi da miliyoyin babura a shekara, zai ga amfanin ci gaba da kashe kuɗi a kan wasan da ƴan dubbai ke saye.

Lantarki na shigowa ta wannan ƙofa

Matsala ta biyu da wasan ke fuskanta ita ce wurin yin sa. A Faransa wata doka ta 1991 ta hana ababen hawa masu inji shiga daji da tsaunuka a wajen hanyoyin da aka buɗe musu, Kataloniya ma ta yi irin tata a 1995. Ƙara da hayaƙi na sa makwabta kai ƙara, dokokin Tarayyar Turai kan hayaƙin inji kuma na ƙara tsanani ga injinan da ke ƙona baƙin mai.

Nan ne babur mai batir ya samu shiga. Tiriyal ba ya buƙatar nisan tafiya, ƙarfi yake buƙata nan take a daidai lokacin da aka tunkari dutse, kuma wannan shi ne abin da injin lantarki ya fi iyawa. Hukumar wasannin babur ta duniya, FIM, ta buɗe wa masu batir gasa a 2017. Kamfanin Electric Motion da ke kusa da Montpellier a Faransa ya yi nisa a wannan fanni, har Yamaha ya zuba jari a cikinsa a 2024. A wannan shekarar ce Honda ya fito da nasa a gasar Japan, a hannun Takahisa Fujinami, zakaran duniya na 2004.

Ga mu nan, inda ake ta maganar kabu-kabu mai batir, darasin a fili yake. Lantarki ya fara cin nasara ne a wurin da tafiya gajeriya ce kuma caji na kusa. Ɗan kabu-kabun da ke yini yana zagaye cikin zafin watan Afrilu, a garin da wuta ke ɗaukewa, lissafinsa daban ne, kuma sai an warware masa maganar caji da musanyar batir kafin a ce masa ya bar fetur.

Abin da ya cancanci a kwaikwaya

Duk da haka akwai abubuwan da mahayin gari zai amfana da su daga tiriyal, kuma babu ɗaga taya a cikinsu.

Na farko shi ne iya tafiya a hankali. Ɗan koyon tiriyal yakan shafe makonni yana koyon tsayuwa wuri ɗaya da zagaya lamba takwas a ɗan ƙaramin fili. Yatsa ɗaya na kan ambiriyaji, wanda wasu ke kira kuloci, ɗaya na kan birkin gaba, idonsa na kan inda zai je, ba kan tayar gaba ba. Wannan shi ne abin da ake buƙata a cunkoson bakin kasuwa, da cikin rairayin unguwanni, da lokacin damina idan ruwa ya cinye hanya. A rairayi, wanda ya ɗan ɗaga jikinsa daga kujera, ya mai da nauyi baya, ya riƙe wuta daidai ba tare da fizga ba, ya bar birkin gaba, ya fi wanda ke jan ƙafafu a ƙasa tsira.

Na biyu shi ne duba babur kafin hawa. Mai tiriyal ba ya fita sai ya auna iskar taya, ya taɓa sarƙa ya ji sakinta, ya gwada birki, ya bi wayoyin taya ko akwai wadda ta saki. Bayan kowace fita cikin ƙura yakan wanke filtar iska, ya shanya, ya shafa mata mai. A ƙasar da hunturu ke cika iska da ƙura wata da watanni, wannan ya fi shafar mu fiye da Bature. Ƙurar da ta wuce filta tana shiga inji ta goge shi kamar sabulun dutse, kuma bakaniken da ya ce a cire filtar don babur ya ƙara gudu gajarta ran injin yake yi. Sarƙa kuma a rairayi ba ta son man da ya yi yawa, don yashi na manne masa ya ci haƙoran ƙarfe.

Na uku shi ne kayan jiki. Mutumin da ke tafiyar da ba ta fi ta ƙafa sauri ba, a filin da babu mota, ba a barin sa ya shiga gasa sai da hular kwano da takalmi mai tsawo, kuma yana sa safar hannu da makarin baya da na gwiwa. Mu kuma da ke gudun kilomita 60 tsakanin manyan motoci da amalanke muna ganin hula nauyi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ta kuma ce sa hula yadda ya dace na rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida.

A nan ma sai an lura, musamman masu aiko da kaya daga waje. Kasken tiriyal buɗaɗɗe ne, ba ya rufe haɓa, saboda mahayin na buƙatar iska da ganin ƙasa, kuma ba gudu yake yi ba. Mai hawa kwalta wanda ke rufe fuska duka ya fi masa. A duba jikin maɗaurin: hular da ta cika ƙa'idar Turai na da ɗan ƙyalle mai harafin E cikin da'ira, kuma sabuwar ƙa'idar ita ce ECE 22.06. A auna kan wanda za a aiko wa kafin a saya, don hular da ke juyawa a ka tana cirewa tun kafin kan ya kai ƙasa, haka ma wadda ba a ɗaure ba. Hular da ta taɓa shan duka mai ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga tsaga a waje ba, saboda abin da ke shanye dukan yana ciki kuma sau ɗaya yake yi. Wannan ne ya sa hular gwanjo da ba a san tarihinta ba take caca. Hular leburan gini kuwa ba ta babur ba ce.

Ina za a kai masu son wasan?

Kame da tara na rage wasan babur a titi na ɗan lokaci, amma duk wanda ya ga yadda ake rakiyar aure a garuruwanmu ya san yana dawowa. Sha'awar nuna gwaninta ba ta fita daga matashi da sanda. Abin da Turawa suka yi shi ne suka fitar da ita daga titi, suka ba ta fili, alƙali da doka, suka kuma tsara maki yadda natsuwa ce ke ci.

Fili dai ba shi muka rasa ba. Duwatsun Damagaram, kwazazzaban bayan Yamai da tsaunukan Ayar irin wuraren da ake nema ne. Koyon tushen wasan kuma ba ya buƙatar babur ɗin miliyan 5: igiya, ƴan tsofaffin tayoyi, katako da fili sun isa a yi gasar tafiya a hankali da baburan da ake da su, ko ma da kekuna, tunda shi kansa Toni Bou da keke ya fara. Ma'aikatun magajin gari ke da filaye, ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu ke da mutane, hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER kuma ke da hurumin wayar da kai. Idan suka haɗu aka ce babu mai shiga sai da hula a ɗaure da takalmi rufaffe, yaron da ya zo don a tafa masa zai koma gida da hula a kai da kuma iya riƙe birki.

Kafin a kai can, wanda ya sake samun bidiyon a waya ya ƙara kallon sa da kyau. Ya dubi kan mahayin da ƙafafunsa, ya dubi mutumin da ke tsaye saman dutsen yana jiran ya tare shi, ya kuma duba ko akwai mota, yaro ko mai talla ko ɗaya a cikin filin.